Shekarata 46 amma jiki kamar na ɗan 60, ku ba ni shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da shago a babbar kasuwar Maradi. Mahaifina ya rasu da sama da shekara 85 a ƙauyenmu kusa da Tibiri, kuma har ya kusa rasuwa yana zuwa gona da ƙafarsa. Ni ko furfura ta cika min kai, an auna hawan jinina an samu 15/9 (wato 150/90), da hantsi sai gyangyaɗi a bakin shago. Kullum ina fada har ɗaya na dare ana zuba shayi, in koma gida in ci tuwo ko taliya, in tashi asuba. Uwargida ta ce ina munshari har numfashina ya tsaya. Abinci ne ko barci ke tsufar da ni?

Wata ma'aikaciyar jinya: Wa alaikumus salam Alhaji. Duka biyun ne, amma ni daga barci zan fara. Babban mutum na buƙatar awa 7 ko fiye, kai kuma ba ka kai 5 ba. In mutum ya yi barci mai nauyi jininsa na sauka da kansa, zuciya da jijiyoyi su huta. Wanda bai samu wannan ba, ya kwana zuciyarsa na aikin rana, shekara da shekaru. Ƙarancin barci kuma yana buɗe ciki, ka wayi gari kana marmarin zaƙi da maiƙo. Shi kuwa shayi, abin da ke hana barci a cikinsa kan yi wajen awa 5 rabinsa bai bar jiki ba, goro ma haka. Kofin da ka sha ƙarfe sha ɗaya na dare yana nan tare da kai har kiran assalatu. Maganar tsayawar numfashi kada ka raina ta don Allah, ka faɗa wa likita, tana da hannu a hawan jini.

Wani dattijo daga unguwar Zariya: Ɗana, babanka da an yi isha'i ya kwanta, ko ba haka ba? Furarsa ta hatsi ce da nono, ba sukari. Miyarsa kuka da daddawa. Mu muka ga zamanin. Annabi (SAW) ya ce a raba ciki uku, abinci, ruwa da numfashi, mu kuwa yau sai mun cika shi dam sannan mu miƙe a tabarma.

Wata baiwar Allah: Yaya, ka zauna da uwargida kan tukunya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishiri kada ya kai giram 5 a yini, ƙaramin cokali ɗaya ke nan, kuma dunƙulen miya cike yake da gishiri. Maigidana mun rage masa a hankali bai ma lura ba. Kwaɗon zogale da ƙuli da wake ga su nan da araha a garin nan.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri. Baba, gaskiya ka faɗa, tsoho ba ya wuce ƙarfe tara. Fadar ce ke min wuyar bari, abokan shekara 20 ne. In na je bayan magariba na tashi goma, na sha shayin farko kaɗai, malama ya isa?

Ma'aikaciyar jinyar: Ka sha shayinka da la'asar, a fada ka riƙe ruwa. Tuwon kuma a ci kafin ka fita. Bayan mako biyu ka sake aunawa ka gaya mana lambar.