Zama da wanda ba irinka ba a jami'ar Musulunci: me kuka gani?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Waɗanda kuka yi karatu a jami'o'in Musulunci, yaya kuka kaya da bambancin ƙabila, mazhaba da addini? Ƙanina ke shirin tafiya, ina son in san abin da zan faɗa masa.

Tsohon ɗan Azhar: Wa alaikumus salam. Ni wanda ya fara girgiza ni ma Musulmi ne ɗan'uwana. A Madinatul Bu'us, masaukin ɗaliban ƙetare a Alƙahira, abokin ɗakina ɗan Indonesiya ne, Bashafi'e. Ranar farko da ya ga na saki hannu a salla, da muka sallame sai ya tambaye ni ko hannun ke ciwo, kuma da gaske yake. Ni ma da na ji yana ƙunutin Asuba a bayyane bayan ruku'u, na ɗauka mantuwa ya yi, don mu Malikawa a ɓoye muke yi kafin ruku'u. Mun kwashe mako muna musu. Abin dariyar, duk mun karanta saɓanin a littafi, ganinsa a jikin mutum ne bai taɓa faruwa da mu ba.

Ɗaliba daga Gombak: Jami'ar Musulunci ta Ƙasa da Ƙasa ta Malesiya da ke Gombak, wadda aka kafa a 1983, tana ɗaukar waɗanda ba Musulmi ba. Na zauna aji ɗaya da wata mabiyar addinin Buddha. Na ci jarrabawar kwatanta addinai, amma da na ce mata ai Buddha suke ɗauka a matsayin mahalicci, sai ta yi murmushi ta ce sam ba haka ba ne. Na ji kunya. Daga ranar na koma tambaya kafin in yi wa mutum bayanin addininsa.

Malam mai gemu: 'Yar'uwa, kin yi sa'a. Inda na yi, ba zan kama suna ba, darasin addinai raddi ne zalla. Ɗalibai kuwa kowa da 'yan ƙasarsa yake yawo, Larabawa gefe, mu gefe. Ayar "li ta'arafu" (don ku san juna) ta Suratul Hujurat duk mun haddace ta, amma na gama shekara huɗu ban shiga ɗakin ɗan wata ƙasa ba. Har da laifina a ciki.

Mai tambaya: Allah ya saka. Zan ce masa kada ya nemi a haɗa shi ɗaki da ɗan gida.