"Garin neman ƙiba an samo rama": ta dace da mai kunna esi inji a kashe?

Malam Habu: Jama'a, ga abin tattaunawa. Mutum ya faka mota cikin zafin Afrilu yana jira, ya kashe inji don kada mai ya ƙone, ya murɗa makulli ya kunna esi. Da ya zo tafiya mota ta ƙi tashi, aka ce masa "garin neman ƙiba an samo rama". Ni kuwa ina ganin "kowa ya ci zomo ya ci gudu" ta fi zama daidai. Me kuka gani?

Sani Rewaya: Malam, ai zomon ma bai ci ba. A motar fetur ko dizal, bel ne ke juya kwamfuresa, wato na'urar da ke tura gas ɗin esi, inji kuma ke juya bel ɗin. Inji na tsayawa kwamfuresa ta tsaya, gas ya daina zagayawa. Abin da ya rage fanka ce kawai. Sanyin minti ɗaya zuwa biyu da ake ji da farko ragowar wanda ke jikin ƙarfen sanyin da ke bayan dashbod ne. Daga nan sai iska mai ɗumi da danshi, wani lokaci har da warin gumi.

Malam Habu: To ai ka taimake ni, Oga Sani. Sanyi shi ne zomon, gudun inji shi ne kuɗinsa.

Hajiya Binta: A'a Malam. Wannan karin maganar wanda ya samu ake yi wa ita, don a nuna ba a banza ya samu ba, ko a ja kunnen mai son samu yana kwance tun kafin ya fara. Ba a yi wa wanda ya riga ya tafka asara. Ta ƙiba da rama kuwa sharaɗinta biyu: ka fita neman ƙari, ka dawo abin hannunka ya ragu. Shi ya nemi rarar mai, ya rasa wutar batir.

Sani Rewaya: Ramar kuwa ana iya auna ta. Fanka a lamba ta ƙarshe tana jan wuta kamar amp 15 zuwa 20, ga rediyo da fitilun dashbod, altaneta mai cajin batir kuma ba ta mayarwa tunda ita ma bel ke juya ta. Batir mai 60Ah, wato amp 60 na awa ɗaya, a lissafi zai kai awa uku, amma kada wannan ya ruɗi kowa, domin kik mai tayar da inji yana buƙatar amp sama da ɗari a lokaci guda. Tsohon batir tun da wuri zai gaza, sai ka ji ƙas-ƙas-ƙas. A sa wa batir mita: volt 12.6 cike yake, 12.2 ya kai rabi, ƙasa da 12 kuwa sai addu'a. Kuma duk zuƙewar da aka yi masa har ƙasa tana rage masa kwana, ko an sake caji. In atomatik ce ma turi ba ya tayar da ita, sai an nemo wayar jona batir.

Ɗanjuma Bakanike: Ku cire haibirid, wato mota mai aiki da fetur da lantarki, daga ciki. Toyota Prius daga 2004 kwamfuresarta ta lantarki ce, babban batir ke ba ta wuta. In motar tana READY, wato a kunne take tsaf, za ka sha sanyi inji shiru, caji ya yi ƙasa injin ya tashi da kansa. A ACC kuwa, matakin da ake kunna rediyo ba a tayar da mota ba, ita ma fanka ba za ta ba ka sanyi ba, ƙaramin batir ɗin za ka cinye. A READY ɗin ne maganar Malam Habu ta zauna: an ci zomo, gudun an riga an yi shi a hanya.

Hajiya Binta: Wannan na yarda. To mai motar fetur da jira ya kama shi fa?

Ɗanjuma Bakanike: Ko ya nemi inuwa ya sauke gilashi ya zare makulli, ko ya bar inji a silo a fili, idonsa kan allurar zafi, ya tabbata fankar lagireto tana juyawa. Amma ban da cikin rufaffen gareji, Hajiya, kuma ban da barci a ciki. Gubar da ke cikin hayaƙin salansa ba ta da wari, mutum ba ya sanin tana shigarsa.