Sarrafawar gayya: sunan da nake so mu tsayar

1/ Jama'ar Bauchi masu ɗaukar bidiyo da tace shi, da ƙannenmu ɗaliban injiniya na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa (ATBU), ku matso. Abin da Bature ke kira parallel processing, wato kwamfuta ta raba aiki ɗaya kashi-kashi a yi su tare, ni na ce mu kira shi sarrafawar gayya, injin da ke yin ta kuwa na'urar gayya.

2/ Hoto ɗaya na bidiyon 1080p ɗigo 2,073,600 ne, wato 1920 sau 1080. Tsarin talabijin ɗinmu hoto 25 yake nunawa a daƙiƙa. Kafin na gaba ya iso dole a gyara launin wannan, a share masa dishi-dishi, a matse shi, a tura. In aka makara an zubar da shi, shi ya sa wani lokaci za ka ga doki na tsalle a allo ana haska hawan Sallah kai tsaye.

3/ Ƙwaƙwalwar kwamfuta ɗaya mai bin ɗigo ɗaya bayan ɗaya haki za ta yi ta yi. Sai a yanka hoton kunya-kunya, a raba wa ƙananan ma'aikata dubbai, kowa da tasa, umarni ɗaya suke bi kamar manoma da gangar noma. Gona ɗaya, aiki iri ɗaya, hannu da yawa. Haka GPU, ɓangaren kwamfuta mai sarrafa hoto, ke yi. Kamfanin Nvidia ya yaɗa sunan GPU a 1999, a 2007 kuma ya fito da manhajar CUDA, aka samu damar ɗora wa GPU lissafin da ya wuce zane.

4/ Cikin sauran sunayen da za a iya ba shi, "sarrafawa a lokaci guda" ta yi tsawo, kuma ba ta nuna aiki ɗaya aka raba ba. "A jere" ma akasin abin take nufi. "Taron dangi" kuwa warin faɗa gare ta.

5/ Abin da ya fi ja na ga gayya shi ne ta san iyakarta. Akwai aikin da taro ba ya rage masa lokaci. Masanin kwamfuta Gene Amdahl ya bayyana haka tun 1967: in kashi ɗaya cikin goma na aiki ba ya rabuwa, ko ma'aikata nawa ka zuba saurin ba zai wuce ninki goma ba. A bidiyo ma akwai hoton da ba ya haɗuwa sai an gama wanda ya gabace shi.

6/ Ku gwada ta a baki: "Kwamfutar nan na'urar gayyarta ƙarama ce, ba za ta ɗauki bidiyon 4K kai tsaye ba." Malaman Hausa, in kun ji ta yi karo a kunne, ku faɗa mini inda ta yi.