An gayyace ni kwamitin gwamnati: malaman tattalin arziki, yaya taku ta kaya?

Ƙaramin malami, shekara 6 a aji:

Assalamu alaikum, malamaina da abokan aiki. Ina koyar da darasin haraji da kasafin kuɗi a wata jami'ar jiha, kuma a makon jiya aka kawo mini takardar gayyata zuwa kwamitin da zai duba yadda jihar za ta ƙara kuɗin shigar da take tarawa da kanta, don a rage zaman jiran kason da ake rabawa a Abuja duk wata. Wata 3 aka ba mu. Ban taɓa zama a irin wannan kujera ba, ga ɗalibai 11 'yan ajin ƙarshe da nake duba wa kundi. Ina roƙon waɗanda suka taɓa shiga su faɗa mini abin da idonsu ya gani.

Farfesa mai ritaya:

Wa alaikumus salam. Ɗana, ka karɓa, amma kafin zaman farko ka keɓe sakataren kwamitin ka tambaye shi ko an riga an yanke hukunci ne ake neman sa hannun masu digiri, ko kuwa da gaske shawarar ake nema. Ni na fara riƙe alli a 1985, lokacin da gwamnatin Janar Babangida ta buɗe muhawara kan karɓar bashin Asusun Ba da Lamuni na Duniya, IMF. Mun yi rubutu, mun yi lacca, jama'a suka ce ba sa so, gwamnati ta ce ta ji, sai ga shirin gyaran tattalin arziki na SAP a 1986 ɗauke da yawancin sharuɗɗan da aka yi ta gardama a kansu, har da karya darajar naira. Tun daga nan na daina ɗaukar gayyata a matsayin alamar cewa maganata za ta yi nauyi.

Kwamiti 4 na zauna a rayuwata. Rahoto 2 ban sake jin ɗuriyarsu ba, ɗaya an karanta shi a bikin miƙawa kawai, na huɗun kuwa wani sabon kwamishina ne ya tono shi bayan shekaru, ya aiwatar da kusan rabinsa ba tare da ya san ni na rubuta ba, kuma ban ji haushi ba. Matasa kan kawo mini misalin Farfesa Soludo, wanda ya fito daga jami'ar Nsukka ya zama gwamnan Babban Banki a 2004, ya ɗaga jarin bankuna zuwa naira biliyan 25 har suka ragu daga 89 zuwa 25. Nakan tuna musu cewa shi alƙalamin sa hannu aka ba shi, mu kuwa kujerar gefe ake ba mu.

Malama mai binciken kasuwar hatsi:

Allah ya ƙara wa Farfesa lafiya. Ni tawa ta faru ne bayan rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019. Tun kafin nan ina tara farashin masara da gero da shinkafa daga Dawanau da wasu kasuwannin ƙauye duk mako, da kuɗin aljihuna da taimakon tsofaffin ɗalibaina. Da kaya suka yi tsada, wata ma'aikata ta nemi in rubuta mata dalili. Tun a zaman farko na fahimci amsar da suke jira ita ce masu ɓoye kaya.

Abin da na tarar ya fi haka faɗi. Ɗan kasuwar da ya sayi gero da kaka ya ajiye har bazara aikinsa ke nan tun kaka da kakanni, kuma in babu shi, hatsin zai ƙare a kasuwa tun kafin damina ta sauka. Abin da ya ɗaga farashin a wuraren da na bi shi ne kuɗin mota, da abin da direba ke bayarwa a shingaye, da tsadar taki, da gonakin da aka bari ba a noma ba saboda 'yan bindiga. Na rubuta shafi 40 da jadawali da lissafi, ina alfahari da shi. Wani babban jami'i ya juya shafukan ya ce, "Malama, mai girma ba zai karanta wannan ba, ki mayar mini da shi shafi ɗaya." Na ji zafi a ranar, amma daga baya na yarda cewa yana da gaskiya, domin a duk karatuna babu wanda ya taɓa koya mini rubuta wa mutumin da ke da minti 5 kacal. Kuskurena shi ne na bar musu taƙaitawar. Shafin da ya fito ya sa ɓoye kaya a sahun farko, sauran dalilan suka koma layi biyu a ƙasa, ni kuma na ƙi sa hannu. Ƙanena, shafin farko kai za ka rubuta shi da hannunka. Bayanan dai ba su lalace ba, da su nake koyar da 'yan aji 3 har yau.

Dakta, ɓangaren ƙididdiga:

Ni matsalata alƙaluma ce. Shekara da shekaru ina faɗa wa ɗalibai cewa rashin aikin yi ya kai kashi 33.3 cikin 100 a ƙarshen 2020, sai Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sauya ma'auni a 2023, ta ɗauki wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako a matsayin mai aiki, adadin ya koma kashi 4.1. Haka hauhawar farashi ta sauka daga kashi 34.80 a Disambar 2024 zuwa 24.48 a Janairun 2025 saboda an sabunta shekarar da ake aunawa da ita, ba don mudu ya yi sauƙi ba. A wani kwamiti na ɓata zama guda ina bayyana wa mambobi cewa ba a jera tsohon adadi da sabo a layi ɗaya, wani ya ce ina kawo ruɗani. A matakin jiha lamarin ya fi tsanani, tunda ƙidayar jama'a ta ƙarshe ta 2006 ce. Ka nemi littattafan ofishin haraji a rubuce tun makon farko, domin ni nawa sun iso saura kwana 10 wa'adi ya cika.

Malami daga Maraɗi:

Gaisuwa ga malamai. Mu a nan an nemi mu auna asarar da rufe iyaka ta jawo bayan juyin mulkin Yulin 2023. Wahalar ita ce yawancin cinikin da ke bin hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya ba ya shiga littafin duwan, wato kwastan, kuma sefa tana ɗaure da yuro a kan sefa 655.957 kowace yuro ɗaya alhali naira tana tangal-tangal, don haka 'yan canji da direbobi suka fi ofis ba mu labari. Sai dai ka sani, wajen ƙarin girma, CAMES, hukumar da ke tantance malaman jami'o'inmu, muƙalun da suka fito a mujallu take dubawa. Na tabbata ku ma haka ne, saboda haka ka nemi izinin buga sakamakon tun kafin ka fara.

Ƙaramin malami:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na kira sakataren da yamma kamar yadda Farfesa ya ce. Ya yi dariya, ya ce akwai adadin da ake so a kai amma ba a tsayar da hanya ba. Gobe zan kai wasiƙar neman littattafan haraji na shekara 5 da izinin bugawa. Malama, ko za ki yarda in ga yadda kike tsara shafi ɗayan nan yanzu?