Death metal: da wane faifai ake farawa, kuma me ya sa hayaniya kawai nake ji?

Ɗan Garwa:
Salamu alaikum. Tambaya gare ku masana. Waƙoƙin death metal (kiɗan jita mai nauyi da muryar gurnani) da ke yawo a wayoyi ta Xender, in na kunna ba na iya raba jita da ganga, komai ya cakuɗe. Laifin kiɗan ne ko na waya? Sannan wane faifai ya dace mutum ya fara da shi, wanda ba kalaman saɓo a ciki?

Baba Marwa:
Wa alaikumussalam ƙanena. Rabin matsalar daga fayil ɗin take. Yawancin abin da ake turawa an matse shi zuwa 128 kbps ko ƙasa, kuma wannan kiɗa ba ya jure matsi, don kowane daƙiƙa cike yake da sauti. Farantan ƙarfen ganga ne ke fara lalacewa, sai ka ji shuuu maimakon bugu. Nemi mai 320 kbps. Faifan minti 40 zai ci kusan MB 96, mai 128 kuwa MB 38, ka lissafa kafin ka sayi data. Kada kuma ka saurara da lasifikar waya, ba ta fitar da ƙananan sauti, ga shi nan ne babbar ganga da jitar bas suke. Sa abin kunne mai waya. In kana da maɓallan daidaita sauti, kada ka ƙure bas, shi ke binne jita. Ɗan rage wajen 250 Hz, ka ɗan ɗaga wajen 2 zuwa 3 kHz.

Farawa kuwa, Symbolic na ƙungiyar Death, 1995. Jagoranta Chuck Schuldiner ya sauke sautin jitarsa daga Mi zuwa Re ne kawai, wato ɗan kaɗan, saboda haka kowace tsirkiya na fita sarai, mai ganga Gene Hoglan kuma bai cika bugun bilas ba, wato bugu mai tsananin sauri ba kakkautawa. Kalaman a kan rayuwa ne da halin ɗan Adam.

Hadiza Njamena:
Yaya, na yarda da batun fayil, amma Human na 1991 ya fi Symbolic a wajena, nesa ba kusa ba. A nan Schuldiner ya ɗauko mai ganga Sean Reinert da mai jita Paul Masvidal daga ƙungiyar Cynic, ga Steve DiGiorgio a bas. Ka bi hannun Reinert a kan faranti kaɗai, za ka ji makaɗin jaz ne ya shigo gidan ƙarfe. Aibinsa ɗaya, a fitowar faifan ta farko bas ya nutse. Haɗin da kamfanin Relapse ya sake fitarwa a 2011 ya fito da shi, shi za ka nema.

Ɗan'uwa, ka kuma san wannan kiɗan gida biyu ne. Na Fulorida, yawanci daga situdiyon Morrisound a Tampa, sautinsu busasshe ne mai kaifi: Altars of Madness na Morbid Angel 1989, Cause of Death na Obituary 1990. Na Suwidin daga situdiyon Sunlight a Sitokholm, inda aka yi Left Hand Path na Entombed, wanda ya fito a 1990. Su fedar Boss HM-2, na'urar sauya sautin jita, suke ƙure wa maɓallai huɗu duka, su sauke jita har Si, sai ta riƙa kuka kamar injin tsaga katako. Wannan a ƙaramar lasifika ba abin da za ka tsinta, ka bar shi sai kunne ya saba.

Mai Jita Ngaundare:
Batun kalamai kada a yi wasa da shi, don gurnanin mawaƙin yana ɓoye abin da ake faɗa, mutum na kaɗa kai bai san me yake amsawa ba. Karanta kalaman kafin ka sauke. Deicide da Morbid Angel na farko, shaiɗanci ne a fili, ka kauce musu. Cannibal Corpse jini ne da yanka, har Jamus ta taɓa hana sayar da faifansu na farko-farko. Bolt Thrower na Ingila yaƙi kawai suke waƙa, kiɗansu a hankali yake tafiya da nauyi, sabon shiga zai iya bin sa. Gojira na Faransa, waɗanda suka yi wasa a bikin buɗe gasar Olamfik a Faris a 2024, muhalli suke waƙa. Gwada From Mars to Sirius na 2005, ko da yake wasu ba sa sa su cikin tsantsar death metal.

Ga mai son bugawa da kansa: kada ka sauke jita zuwa Si da siraran tsirkiyoyi masu lambar kauri 9 ko 10. Za su yi laƙwas, su riƙa dukan wuyan jita, sautin ya kauce da ka danna. Sa masu kauri, 13 zuwa 56 ko sama, ka ɗan faɗaɗa ramukan da suke zama a kai, ka sake saita ƙarfen cikin wuya kwata-kwatan juyi, kana dubawa. Lokacin hunturu a nan itace na bushewa ya motsa, sai an sake saitawa.

Baba Marwa:
Hadiza, Human babba ne, ban musa ba, amma canjin takunsa ya yi wa sabon kunne yawa. Ɗan Garwa, bi haka: Symbolic, sai Heartwork na Carcass 1993, sai Slaughter of the Soul na At the Gates 1995, kana Human. Kowane faifai ka ji shi sau uku, na farko ka bi ganga kaɗai, na biyu jita, na uku ka haɗa da murya kana riƙe da kalaman.