Neman shawara: ƙanwar maigidana ta zo daga Maradi da yara uku, ta ina za mu fara?

Maman Ilham, Gwagwa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanwar maigidana ce mijinta ya rasu a Maradi, da ta fita takaba sai maigidan ya ce ta taho nan Abuja kusa da mu tunda can babu mai riƙe ta, yanzu haka tana ɗakin da ke jikin namu da yaranta uku, babbar shekararta 13, namijin 9, sai na goye. Shi maigidan ya daɗe yana harkar katako a Dei-Dei amma ita ba ta taɓa zama a Najeriya ba, katin shaidarta na Nijar ne, layin wayarta ma na can ne. Abin da ke damuna wlh kullum tana ƙunshe a ɗaki, ko bakin ƙofa ba ta son leƙawa wai kar a kama ta a ce ba ta da takarda, yaran kuma lakwal suka yi da Faransanci ban san ajin da za a sa su ba. Ga wata mata ta matsa a ba ta babbar ta kai ta aikatau Gwarinpa. Don Allah akwai ofis ko ƙungiya da ke taimakon baƙi irinta?

Baban Sadiq: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya jiƙansa ya raya marayu. Ki fara kwantar mata da hankali. Tun yarjejeniyar 1979 ta ECOWAS, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ɗan yankin yana shigowa ba biza ya zauna har kwana 90, in zai wuce haka sai ya nemi katin zama a wajen imigireshan. Gaskiya ne Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar ranar 29 ga Janairun 2025, amma a lokacin ECOWAS ta ce a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar mutanensu, a bar su da 'yancin shiga da zama har sai an fitar da wata sanarwa. Tunda abu ne da ke iya canzawa, maigida ya ɗauke ta da ƙafarsa su je hedkwatar imigireshan a Sauka, hanyar filin jirgi, su ji yadda ake ciki yau. Kafin nan su biya ofishin jakadancin Nijar ta yi rajista a ba ta katinsu, yana sauƙaƙa abubuwa da yawa. Kuma kar a ba wani ɗan kan hanya kuɗi wai zai fito mata da takarda, komai a biya a karɓi rasit.

Ummu Hanan: Ni dai wahalar nan ta mene ne? Hausa take ji, ta ce ita 'yar Jibiya ce kawai a yi mata NIN a wuce wajen, wa zai gane.

Baban Sadiq: A'a 'yar uwa, wannan shawarar kar a ɗauka. Yatsunta da hotonta za a ɗauka su zauna a kwamfuta har abada, ranar da magana ta tashi ƙarya ce aka yi wa hukuma kuma yayan nata da ya tsaya mata shi ma ya shiga ciki. Baƙon da ke zaune bisa ƙa'ida akwai hanyar da NIMC, hukumar da ke ba da NIN, ke yi masa rajista a matsayinsa na baƙo, in takardar zamanta ta fito sai ta bi nan, daga nan layin waya da asusun banki su biyo baya.

Anti Malama, Kubwa: Maman Ilham zancen aikatau ɗin nan shi ya tsaya min a rai, don girman Allah kar ku bayar da yarinyar nan. Marainiya, baƙuwa, ba ta san hanyar komawa gida ba, ba ta da lambar kowa a ka, kuɗin aikin ma hannun dillaliyar zai riƙa shiga, in aka zalunce ta a bayan get wa za ta faɗa wa? Irin wannan ne NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane, ke bibiya, kuma dokar kare haƙƙin yara ta 2003 tana aiki a Abuja. Ki ce wa matar an gode.

Makaranta kuwa ni koyarwa nake. Ki kai su firamaren gwamnati ta LEA mafi kusa da ku ki nemi ganin hedimasta da kanki, ki tafi da duk wata takardar sakamako da suka zo da ita ko da Faransanci ce. Za a gwada su, wataƙila a mayar da su baya aji ɗaya saboda Turanci, kar uwar ta ji haushi. Na taɓa samun yaro daga Damagaram a ajina, in na rubuta lissafi a allo shi ke fara ɗaga hannu amma amsar sai ta fito da Faransanci yara su yi ta dariya, na zaunar da shi kusa da wata yarinya mai natsuwa tana maimaita masa da Hausa, kafin shekara ta ƙare shi ke karanta wa 'yan bencinsu. Ki sa su Islamiyya tun wannan satin, can babu matsalar yare kuma can za su yi abokai.

Dattijon Karmo: 'Yata, ofis yana da ranarsa amma ku fara da mai unguwa. Mijinki ya kai ta ya gabatar da ita, ya ce ga ƙanwata ga 'ya'yanta, haka ma limamin masallacinku. In wani abu ya taso gobe su ne shaidarta. Sannan ya tambaya a kasuwar Dei-Dei ko tashar Zuba, mutanen Maradi da Tasawa da Tawa suna da yawa kuma suna da shugabanninsu, su suka san wanda ke zuwa gida duk sati da za a ba saƙo, matansu kuma suna da adashe da zumuncin suna da biki. In ta ji bakin garinsu a wajen mace 'yar uwarta za ki ga ta sake.

Maman Twins: Wani ya ce min a je hukumar 'yan gudun hijira NCFRMI ko ta Majalisar Ɗinkin Duniya UNHCR, to ki sani su aikinsu ya fi karkata ga wanda yaƙi ko tsanantawa ta koro, ita kuwa rashin miji ne ya kawo ta, kar ku ɓata kuɗin mota da fatan za a ba ta gida. Ku gwada matan ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN na yankinku da kwamitin marayu na masallaci. Me ta iya da hannunta?

Maman Ilham, Gwagwa: Ngd sosai Allah ya saka da alheri, na karanta wa maigidan duka ya ce Litinin za su je ofishin jakadancin, matar aikatau kuma na sallame ta. Maman Twins ta iya ƙuli-ƙuli da man gyada sosai, kuma ƙunshinta wlh kamar an buga da inji, jiya ta zana wa Ilham a hannu maƙwabta har leƙowa suke.

Maman Twins: To ai ta samu sana'a. Ta fara daga gida, ke ki riƙa ɗora hoton ƙunshin a status ɗinki na WhatsApp, ƙulin kuma a ƙulla a leda a kai shagunan unguwa. Kar dai a ɗora wa yara talla a shiga cikin gari, jami'an hukumar kare muhalli ta Abuja, AEPB, suna kama masu talla a manyan tituna. Na goyen kuma ki raka ta asibitin sha-ka-tafi na unguwarku da katin rigakafinsa na Nijar, ma'aikatan za su duba inda aka tsaya su ɗora, allurar kyauta ce. Ina da bikin ƙanwata ƙarshen wata, ki min magana ta inbox in ga hoton aikin nata.