Tsofaffin da ba su da wurin kwana: wa ya taɓa cin karo da su?

Mai tambaya:
Salam 'yan uwa. Duk wanda ya taɓa haɗuwa da tsoho ko tsohuwar da ke kwana a waje ya faɗa mana abin da idonsa ya gani, ban da ji-ta-ji-ta dan Allah. Hukumar lafiya ta duniya ta ce nan da 2030 mutum ɗaya cikin shida zai kai shekara 60 ko ya wuce, a 2050 kuma yawansu ya kai biliyan 2.1, toh in tun yanzu riƙonsu ya gagare mu ya za a yi lokacin?

Mai gadin dare:
Ni aikin gadi nake, akwai wani baba da ke zuwa bayan an rufe shaguna ya shimfiɗa kwali a ƙarƙashin rumfa, takalminsa yake matashi da shi saboda kar a sace, takardunsa kuma suna cikin leda ɗaure a ƙirjinsa har da rasit na haya na shekaru. Kafin gari ya waye ya naɗe kwalin ya share wurin tas, wlh in ka gan shi da rana ba za ka ce ba shi da gida ba. Ashe mai gidan da yake haya ne ya rasu magada suka sayar da gidan aka ba shi notis, matarsa ta riga ta rasu, ɗan abin da ke hannunsa bai kai kuɗin wani ɗakin ba. Bai taɓa roƙona komai ba, ko abinci na miƙa masa sai ya ce ya ci.

Nas:
Mu a asibiti abin ya zama ruwan dare. A kawo tsoho a kwantar, a bar lambar waya, ranar sallama ka kira ka ji ta a kashe. Gado kuma wani mara lafiyan na jira, ka rasa inda za ka kai shi. Sannan da yawa da ake cewa mahaukata ciwon mantuwa ne ke damunsu, mutum sama da miliyan 55 ne ke da shi a duniya, tsohuwa ta fito daga gida ta kasa gane hanyar komawa shi kenan ta zama ta titi alhali 'ya'yanta na can suna nemanta. Ku rubuta suna da lambar waya ku ɗinke a jikin rigarsu.

'Yar Mama:
Anti Nas kin taɓo min inda yake min ƙaiƙayi. Mahaifiyata na da wannan ciwon, ni kaɗai ke kula da ita ga aiki ga yara, da daddare ta buɗe ƙofa ta fita sai washegari aka same ta a tasha tana cewa jiran babanta take, mutumin da ya rasu tun ban zo duniya ba. Mutanen wurin har suna tsine wa 'ya'yan da suka yar da ita ina tsaye ina ji. Ba kowa ne butulu ba, wani ƙarfinsa ne ya ƙare kuma ba mai karɓarsa ko na yini ɗaya.

Ba-sani-ba-sabo:
Ni dai gsky a riƙa jin ɗayan ɓangaren. Na san wanda ya watsar da iyalinsa tun yaran na ƙanana, ko ciyarwa babu, yanzu tsufa ya zo ana cewa yaran ba su da imani.

Mai gadin dare:
Haka ne ɗan uwa, amma ko mai laifi ne ai ba a ce ɗan shekara saba'in ya kwana cikin ruwan sama ba. Tsakaninsa da 'ya'yansa daban, mu da muke tsallake shi kullum fa?

Malamar makaranta:
Abin da ke ba ni haushi, fansho na wanda ya yi aikin albashi ne, wanda ya ƙare rayuwarsa a dako ko gini ko wankau ranar da jiki ya ƙi ranar kuɗi ya yanke. Majalisar Ɗinkin Duniya tun 1991 ta fitar da ƙa'idoji kan tsofaffi har da batun matsuguni a ciki, kowace 1 ga Oktoba, ranar tsofaffi ta duniya, a yi taro a ɗau hoto a watse. Kuma masu cewa gidan tsofaffi abin kunya ne, ku zo ku ɗauke su mana.

Maƙwabciya:
Mu a layinmu wata iya ce, maƙwabta muka haɗa kuɗi muka kama mata ɗaki, kowane gida da ranar da yake kai abinci, har yanzu dai ba a fasa ba ko da yake wasu sun fara zamewa. Matsalar ba ta da katin shaida ko ɗaya, duk inda muka je neman tallafi sai a ce a kawo kati, ita kuma ko shekarar haihuwarta ba ta sani ba. Wanda ya taɓa yi wa tsoho kati a irin wannan halin dan Allah ya faɗa min ta ina ya fara.